Agogon Ƙwai a Aljihun Auta

Sai da Auta ta shekara arba'in da bakwai, ta aurar da 'ya, ta ga bayan keken ɗinki uku, sannan wata likita ta gaya mata cewa halin nan nata yana da suna. Otizim, in ji likitar, wasu kuma su ce galahanga. Auta dariya ta yi, don ita duk zatonta sunansa girman kai, tunda haka dangi suka raɗa masa tun tana firamare.

Daga nan ta shiga yi wa rayuwarta gyara, kamar rigar da aka ɗinka da awon wani. Ta cire doguwar fitilar shagonta, mai ƙugin nan da babu mai ji sai ita. Idan mai kawo ɗinki yana bayani, sai ta kafa ido a tsakanin girarsa. Shi yana ganin ana kallonsa, ita kuma ta samu ta ji abin da yake faɗa. Amma babban makaminta wani ɗan agogon kicin ne mai siffar ƙwai. Ta lura minti ashirin take iya jure hira, daga nan sai maganganu su riƙa zubo mata a ka kamar an kifar da gwangwanin maɓallai. Don haka takan murɗa agogon, in ya kaɗa ta shige ɗakin ajiyar yadi ta yi minti biyar, ta fito garau.

Maigidanta har ya mai da abin na tsokana. Da ya ji ƙarar sai ya ce, "Ranki ya daɗe, na dahu ne ko da saura?"

Yaya ce matsalar. Su biyu kacal mahaifiyarsu ta bari, kuma shekara biyu ke nan Yaya ba ta tako gidan nan ba. Ranar rasuwar, gida ya cika maƙil da masu gaisuwa, kowa sai ya riƙe hannun Auta, kowa da irin turarensa. Ta miƙe tsam ta fice, ba a sake ganinta ba sai washegari. Yaya ta tari jama'a ita kaɗai, kuma Yaya ba ta mantuwa. Kwatsam sai ga saƙonta: tana tafe ranar Asabar da ƙarfe huɗu. Auta ta san in wannan zuwan ya ɓaci, babu na biyu, kuma tana kewar yayarta ba kaɗan ba.

Ta yi shiri kamar mai jarrabawa. Ta haddace tambayoyi uku: ciwon gwiwa, jikoki, cunkoson hanya. Agogon kuwa ta naɗe shi da ƙyalle ta cusa a aljihu, a lissafinta ita kaɗai za ta ji shi, sai ta ce za ta duba ruwan zafi.

Yaya tsohuwar shugabar makaranta ce. Ita ta yi ritaya, muryarta ba ta yi ba. Ta zauna a falo, ta ƙare wa labule kallo, ta karɓi shayi. Tambayoyin Auta uku suka ƙare cikin minti huɗu, daga nan Yaya ta karɓi filin: maƙwabta, kanikawa, surukar da ba ta iya gaisuwa ba. Auta na kallon tsakanin gira tana gyaɗa kai, komai na tafiya daidai.

Can sai Yaya ta ajiye kofi, muryarta ta sauko.

"Auta, ni ba faɗa ya kawo ni ba. Ranar da Mama ta..."

Ƙirrrrr!

Ashe ƙyalle ba ya hana agogon nan komai.

"Mene ne wannan kuma?" in ji Yaya.

Maganar ruwan zafi ta gudu daga kan Auta, dama ita ƙarya ba ta taɓa zama a bakinta ba. Ta ce, "Lokacinki ne ya cika."

Yaya ta miƙe, gwiwar ma ta warke nan take. "Agogo kika saka mini? Ni? Shekara biyu ina lallashin zuciyata in zo, ashe ƙwai ce ni a tukunya!" Ta suri jakarta.

Kan Auta ya riga ya cika, kunnuwanta na shuu, ƙafafunta na roƙonta ta gudu. Ba ta gudu ba. Ta ciro agogon ta ɗora a tebur, ta yi masa magana, don shi ya fi sauƙin kallo.

"Na ga likita, Yaya. Ta ce haka aka halicci kaina, hayaniya na cika shi, in ya cika ba na jin komai. Ranar Mama ba ni da wannan abin. Na daure, na daure, har na wuce inda zan iya. A shago na ɓuya, ƙarƙashin teburin yanka, ina ta kuka, na kasa komowa." Ta nuna agogon. "Ba don in kore ki na saka shi ba. Don in fita da wuri ne, in iya dawowa."

Yaya ta ajiye jakar.

"Shi ya sa muna yara kike shigewa ƙarƙashin gado in an yi baƙi," ta ce a hankali. "Ni kuma in jawo ki ta ƙafa."

Ta koma ta zauna. Ta ɗauki agogon tana jujjuya shi kamar ta ƙwace shi a hannun ɗalibi.

"Minti nawa kike yi?"

"Biyar."

Yaya ta murɗa shi har goma. "Je ki. Ai shayin ma bai huce ba."

Auta ta shiga ɗakin yadi ta jawo ƙofa, ta jingina da bango, hawaye na zuba. Ta sha ficewa daga ɗakuna a rayuwarta, amma yau ne karon farko da aka ce mata je ki.

Agogon ya kaɗa. Daga falo muryar shugabar makaranta ta taso: "Auta! Kin dahu, fito!"

Ta buɗe ƙofa. Yaya na nan inda ta bar ta, ta cire takalmi.