Rabin Kofin Malam Yunana

Alhaji Yahuza, kai ka kashe Malam Yunana. Na faɗa a gaban jama'arka ranar binne shi, ina kuma sake faɗa, kada ka ce zafin mutuwa ne ya sa ni.

Ranar Asabar ɗin da kuka yi taron tsofaffin ɗalibai a Makarfi, tun hantsi tsohon nan yake zaune a kan benci a ƙofar gidansa, nan Ikara, katanga ɗaya da ni. Ina suyar ƙosai ina kallonsa. Ya sa farar rigar da yake zuwa coci da ita, ya rataya tsohon usur ɗinsa a wuya, hannun da ya shanye yana kan cinyarsa.

"Maman Jamila, yau rabona zai zo gida," in ji shi.

"To Malam, ci ƙosai biyu tukuna."

"Motar Yahuza ta same ni da maiƙo a gemu? Haba. Ni kocinsa ne fa."

Ni ban yi boko ba, ban san ƙwallo ba, amma labarin kofin nan na sha shi har na haddace. Malam Yunana ya zo daga kudancin Kaduna yana saurayi, shi ya fara koyar da ƙwallo a tsohuwar kwalejin malamai ta garin nan. Yaransa ba su cika ci ba, ba a kuma cika cinsu ba, har ana yi masa tsiya ana kiransa Malam Kunnen Doki. Sau ɗaya ya kai wasan ƙarshe, da kwalejin Makarfi, a filin Kudan. Aka tashi ɗaya da ɗaya. Aka sake bugawa wani mako, aka sake tashi haka, magariba ta yi, ba a ganin ƙwallo. Manya suka yanke cewa kofi na kowa ne: wata shida can, wata shida nan. Da aka ce wa zai fara ɗauka, Malam ya dubi kocin Makarfi, ya ga furfura a kansa, ya ce, "Baba ya girme ni, shi zai fara." Kunya ce ta hana shi zuwa karɓa da wata shida ya cika. Ya ce yaro ba ya aika wa babba ya kawo. Daga baya aka rufe kwalejin garin nan, dattijon ya rasu, kofi ya zauna a Makarfi.

Amma a falon Malam, a saman kabad, akwai wuri. Ya shimfiɗa farin kyalle mai ado, ba ya bari a ɗora ko rediyo a kai. Matarsa har ta mutu tana wanke kyallen nan.

Kai ne golansa a wasan, Yahuza. Kai ka zo da ƙafarka bayan ya kwanta ciwo, ka durƙusa ka ce, "Koci, ranar taro zan aiko mota a ɗauke ka, da hannuna zan ba ka kofin." Ina tsaye da kwanon kunu na ji ka. Wa ya roƙe ka?

Duk motar da ta shigo layi sai ya gyara zama. Wata ta wuce da buhunan masara za ta Paki. Wata ta ɗauko amarya. Azahar ta yi, na ce ya koma inuwa, ya ce direba ba zai gan shi ba. Har la'asar.

Sai 'yarsa Judith, da ta zo daga Kaduna jinyarsa, ta fito da waya a hannu, fuskarta a sauye. An turo mata hoton taron mai motsi. Ta so ta ɓoye, amma ya riga ya ji muryarka.

"Kawo nan," ya ce.

Na bar kaskona na zo. Ga ka cikin babbar riga, ka ɗaga kofi kana miƙa wa ɗan marigayi kocin Makarfi, wanda yanzu babban mutum ne kake bin bayansa. Ka ce, "Ga kofin da mahaifinka ya ci." Wani tsoho a baya ya ɗaga murya, "Ai kunnen doki aka yi!" Ka yi dariya ka ce, "Wa yake tuna kunnen doki, in ba Malam Yunana ba?" Rumfa duka ta ɗauki dariya.

Malam ya ce a sake sa masa. Aka sake. Na fara zaginka, ya ɗaga mini hannunsa mai lafiya.

"Bari, Maman Jamila. Shi ya kama bugun ƙarshe ranar. Da bai kama ba, da gaskiya ya faɗa yau." Sannan ya ƙara da cewa, "Yaron yana da hannu."

Ya cire usur ɗin ya ba Judith. Muka kama shi muka shigar da shi ɗaki, bai sake fitowa bencin ba. Kunun da nake aikawa haka yake dawowa, ya yi sanyi, ya kama fata a sama. Kafin wata Asabar ya tafi, da safe, ina jin kukan Judith ta katanga ina tsaka da tankaɗe.

Ranar binne shi motarka ta san hanya. Ka tsaya ka ce uba ka rasa. Da na tare ka, ka ce, "Inna, ki yi haƙuri, kofin gwangwani ne fa, duk ya yi tsatsa."

To tunda gwangwani ne, me ya hana ka kawo?

Judith tana kwashe kayan ɗakin, an fitar da gado, an fitar da kujeru. Ta kai hannu za ta naɗe kyallen, na ce ta bari. Yana nan a saman kabad, fari tas, ba komai a kai. Ka je Makarfi ka ɗauko kofin, ka ɗora shi nan da hannunka, ka faɗa wa mutanen layin nan yadda aka tashi a Kudan. Ina ƙofar gida, kusa da bencin.