Manhajar Maganin Inna

Yayana ya rasu ya bar mana manhajar da ke tuna wa Inna shan maganin hawan jini. Kowace safiya saƙo zai shigo wayarta da irin maganarsa: "Tsohuwa, an sha ko sai na zo?" Ita kuma ta amsa. Ta san ba shi ba ne, amma ranar da na ce zan kashe abin, kallon da ta yi min ya sa na ja bakina.

Da aka ce sai an sabunta manhajar ko ta daina aiki, dole na buɗe rubutun da ya gina ta da shi, tunda sana'armu ɗaya. Allah ya jiƙan Yaya, amma ƙazamin aiki gare shi. Halaye uku kacal manhajar ke shiga: jira, tambaya, samun amsa. Shi ko ya maimaita sharaɗi ɗaya ko'ina, kowanne da kalar kuskurensa. Ina gyara ina yi masa tsiya a raina, har na tuna babu mai ramawa.

Na rubuta wa manhajar ƙananan umarni biyu, ɗaya mai cewa a zauna a halin da ake, ɗaya mai cewa a wuce gaba, na bi layi-layi ina share maimaicin. Can ƙasa na tarar da hali na huɗu, ya sa masa suna shiru. Babu hanyar da ke kaiwa gare shi, ya manta bai haɗa ba. Ban tsaya karanta abin da ke ciki ba, ni dai na tsani ganin abu a yashe. Na haɗa shi da sauran na rufe kwamfuta.

Watanni suka shuɗe Inna na amsawa, har na manta.

Yau da hantsi muna ofis ana taron da ya ƙi ƙarewa, wayata ta motsa a kan tebur. Sunan Yaya ne a fuskarta. Tsoro na ji, da wata murna ta wauta a ƙarƙashinsa.

"Auta, Tsohuwa ba ta amsa ni ba yau. Bar abin da kike yi ki je ki duba ta."

Ban nemi izinin kowa ba. Na kira Inna a kan bene, na sake kira a bakin titi, wayar na shiga ba a ɗauka. Sai da na zauna a mota na lura na riga na tura masa amsa, na ce ina hanya.