Igiyar Karsana a Kogon Maƙera

Washegarin Babbar Sallah, baƙin Goggo Inno daga Gwandu suka ce sai sun ga tsofaffin ramukan da maƙeran dauri suke haƙar tama, can bayan Wurogauri. Ta ce Bawa, ɗan ƙanenta mai yi mata kiwo, ya raka su.

"Goggo, wurin nan duk kuraye ne," in ji Bawa. "Ba can suka ja karsanarki da bazara ba? Ni ko bakin kogon da ke wurin ban taɓa zuwa ba."

Yawan magiyarsa ta kada a je ne ya sa ita ma ta yafa mayafi ta hau jaki.

Da suka isa, ciyawa ta rufe ramukan, amma 'yar hanyar kogon a tattake take. Bawa ya shige gaba cikin duhu. Inno ta ga ya sunkuya, alhali ba wanda ya ce masa komai. Baƙon da ke bin sa, da fitilar ƙwai a hannu, sai da ya gwara goshi da dutse.

A ciki babu ƙasusuwa, babu warin kura. Sai busasshen kashin shanu, da toka, da igiya a naɗe tsaf a kan dutse. Ta gane ta, don da hannunta ta tufka wa karsanar.

Ta ɗauko, ta rataya wa Bawa a kafaɗa a gaban baƙi.

"Riƙe, ɗana. In kun sake gamuwa da kurar, ka ce na gode da ta naɗe mini igiyata."