Makunni Goma Sha Biyu

Karo na uku ke nan da Gwaggo ta hau benen nan saboda wuta, kuma ta riga ta san matakala arba'in da huɗu ne, don gwiwarta ta dama ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Ta tura ƙofar sabon gidan nata, ta miƙa hannu ta danna makunnin falo. Ƙwan fitilar ya yi shiru kamar ba da shi ake ba.

"To, madalla," ta ce da shi. "Kai ma ka koma bayan Manaja."

Kowa Gwaggo yake ce mata, har 'ya'yan cikinta, saboda 'ya'yan yayanta ta fara riƙewa kafin ta haifi nata. Manaja kuwa babbar 'yarta ce. Ubanta ne ya laƙaba mata sunan tun tana 'yar shekara biyar, lokacin da take jera ƙannenta tana duba musu farce.

Wata bakwai ke nan da rasuwar maigidan. Tsohon gidan ya yi wa Gwaggo girma, shirunsa ya yi yawa, sai ta samo ɗaki biyu da falo a hawa na uku kusa da kasuwa. Manaja ta ce sam. Ta ce ga ɗakin baƙi nan a gidanta an shimfiɗa, har da sabon labule. Ta ce macen da ba ta taɓa shiga ofishin ruwa ko na wuta ba, ta yaya za ta zauna ita kaɗai? Suka yi ta ja har aka tsaya a kan magana ɗaya: ranar tarewa Manaja za ta zo ƙarfe biyar na yamma. In ta tarar babu ruwa ko babu wuta, Gwaggo za ta shiga mota ba musu.

Ruwa dai ya zo. Kwana uku da suka wuce Gwaggo ta je ofishinsu da takardunta a leda, aka yi ta tura ta daga wannan taga zuwa waccan. Da ta gaji sai ta ja kujera ta zauna gaban wani magatakarda, ta fara ba shi labarin kowane gida da ta taɓa zama tun daga na farko. Ba ta kai na uku ba ya buga mata hatimi. Mai gas ya kawo tukunya ya haɗa mata. Masu kwasar shara sun ce Talata da Juma'a. Da safen nan kuma ma'aikacin wuta ya zo ya ɗaura mita, ya ce wuta ta iso akwatin da ke ƙasan bene, makunninta kawai za ta ɗaga, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Abin da bai faɗa ba shi ne makunni goma sha biyu ne a akwatin, kuma mai fenti ya bi duk rubutun da ke jikinsu ya shafe da fari. Uku ne suke ƙasa. Gwaggo ta ɗaga su duka, tana hawa tana dubawa, ba ko ɗaya nata. Wayar mai kula da gidan a kashe. Agogo ya nuna huɗu saura kwata.

Ta zauna a kan kwalin kwanuka tana murza gwiwa. Sau huɗu suka sake gida a shekara talatin da ɗaya, kuma wannan aikin na mutum biyu ne. Maigidan yakan tsaya gaban akwati da biro a bayan kunne, ita kuma tana zaga ɗakuna tana ɗaga murya: "Ya kama!" ko "Bai kama ba!" Sai ya yanki farin salatif ya rubuta ya manna. Ɗakin yara yakan rubuta masa *Filin Yaƙi*. Kicin kuma *Ofishin Gwaggo, ba a shiga sai da izini*. Ta tuna a gidansu na biyu sun sha irin wannan wahalar, ashe mai haɗa wayar ne ya kafa makunnin a juye: yana sama, amma a kashe yake.

To, in haka ne, nata yana cikin tara ɗin da ta tarar a sama. Amma wa zai tsaya a nan ya ce mata ya kama?

Idonta ya sauka a kan ƙaramin kwalin da ta hana masu ɗaukar kaya taɓawa. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta jawo shi. Rediyon maigidan ne, naɗe cikin tawul ɗinsa, tsohon rediyo mai ƙatuwar murya da ba ta kunna ba tun ranar da aka kai shi asibiti. Ta goge shi da bakin mayafi, ta ɗora a tagar da ke kallon matakala, ta soka wayarsa a soket, ta murza muryar har ƙarshe. Wurin canja tasha kuwa ba ta taɓa ba. Ta ɗauki salatif da biro daga jakarta, ta sauka.

Ta yi bisimilla, ta sauke makunni na farko. Ta kasa kunne sama. Shiru. Amma a shagon da ke bakin ƙofa wani ƙugi da take ji tun safe ya ɗauke.

"Wa ya taɓa akwati?"

Mai aski ne ya fito da injinsa a hannu. Bayansa wani ƙaton mutum da ƙyalle a wuya, rabin kansa tas, rabin kuwa gashi cunkus.

"Mama, ke ce?" in ji mai askin. "Haba, Mama!"

"Gwaggo ake ce min. Yau na tare a sama. Nawa nake nema."

"Gwaggo, ki dube ni," in ji ƙaton. "Direban bas ne ni. Fasinja na can tasha suna jira. Haka zan je musu?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ai ɓangaren da aka aske ya yi kyau, ɗana. Ka riƙa juya musu shi."

Mai aski ya fashe da dariya har ya dafa bango. Gwaggo ta mayar da makunnin, ta yanki salatif da haƙori, ta manna, ta tsaya tana rubutu a hankali, harshe a gefen baki. Aji uku ta yi a makaranta, harufanta manya ne kuma sukan jingina da juna. Ta rubuta *Aski*.

"Shekarata uku a shagon nan," in ji mai aski, "ban taɓa sanin wanne ne nawa ba. In ya faɗi, duka nake gwadawa in gudu."

"Ashe kai ne!" Wata murya ce daga hawa na ɗaya, don Gwaggo ta riga ta sauke makunni na biyu. Wata mata ta leƙo ta saman matakala da tef ɗin awo a wuya. "Ashe kai ne kake kashe min keken ɗinki duk shekarun nan, kana cewa daga kamfani ne!"

"Tela, yau ba ni ba ne, wallahi! Ga mai laifin nan, baƙuwa ce."

Tela ta sauko da niyyar faɗa, ta tarar da tsohuwa tana rubuta *Ɗinki* a salatif. Gwaggo ta ba ta labarin Manaja da ƙarfe biyar da ɗakin baƙi mai sabon labule. Tela ta riƙe haɓa.

"Ɗakin baƙi? Ai uwata ma haka aka yi mata. Ko cokali ta ɗauka sai a ce ajiye, za a kawo miki. Kawo biron in taya ki, Gwaggo, hannuna ya fi sauri."

"Bar min abina. Ke dai riƙe salatif."

Na uku fitilar matakala ce. Na huɗu ya fito da wata nas daga barci, ta kwana wurin aiki, fankarta ta tsaya. Ta sauko ido jajir tana tambayar ko gobara ake yi. Na biyar ya kashe wa wani tsohon malami talabijin ana tsakiyar labarai, ya sauko da sanda yana cewa zai rubuta takardar ƙorafi, sai ya ɓige da riƙe wa Gwaggo tocila yana gyara mata harafi. Direba ya manta da fasinjansa, ya tsaya a tsakar gida da rabin kai, ya ce shi ne mai sauraron sama.

Wayar Gwaggo ta yi ƙara. Manaja ce.

"Gwaggo, na taso. Akwai wuta?"

"Wuta cike da gidan nan," in ji Gwaggo.

"A ɗakinki nake nufi."

"Ba na jin ki sosai, mutane sun yi yawa. Sai kin zo."

Ta kashe. Tela ta toshe baki da tef ɗinta. Biyar saura minti ashirin.

Na shida, injin tura ruwa sama. Na bakwai, wani gida da masu shi suka yi tafiya. Na takwas, firjin mai shagon kayan sanyi, wanda ya leƙo ya ce a yi sauri don Allah. Saura ukun da Gwaggo ta riga ta gwada, sai guda ɗaya tak a sama da ba ta taɓa ba, can ƙarshen layi. In ba shi ba ne, to ba ta da sauran dabara, sai sabon labule.

Ta ɗora yatsa a kansa. Ta sauke.

Daga hawa na uku wata murya ta ɓarke kamar za ta tsaga ginin. Mai sharhin ƙwallo ne, yana ihu wani ya yanke wani, ya shiga, ya buga, ta daki ƙarfe ta dawo.

"Ya kama!" Direba ya daka tsalle. "Gwaggo, ya kama!"

"Ya kama!" in ji tela da nas tare. Malam ya buga sandarsa a ƙasa.

Gwaggo ta tsaya tana saurare. Hannunta na kan makunnin. Tashar tana nan inda maigidan ya bar ta. Shekara talatin da ɗaya tana faɗa da wannan ihun, tana leƙowa daga kicin tana cewa a rage, shi kuma yana cewa saura minti biyu a tashi. Ta ja bakin mayafi ta goge ido.

"Lafiya, Gwaggo?" in ji nas.

"Gwiwa ce."

"Rediyon wa ye wannan?" in ji direba. "Mai shi ya san tasha."

"Na maigidana ne. Ya rasu, wata bakwai ke nan."

Suka yi masa addu'a ɗaya bayan ɗaya. Direba ya rasa inda zai sa kansa, ya ɗora tafin hannu a ɓangaren da aka aske.

"Je ka a ƙarasa maka, ɗana," in ji Gwaggo. "Kada fasinja su ce ni na hana su tafiya."

Biyar saura minti biyar motar Manaja ta tsaya a ƙofa. Ta fito da jaka a kafaɗa, ta yi taku biyu, ta tsaya cak, ta ɗaga kai sama. Ta gane muryar rediyon babanta. Sannan ta gaishe da mutanen da ke tsaye, ta hau bene, Gwaggo na biye da ita a hankali.

Ta buɗe famfon kicin, ruwa ya zubo. Ta buɗe na banɗaki. Ta kunna murhun gas ta kashe. Ta danna kowane makunni a gidan, ta sa hannu cikin firji, ta tsaya ƙarƙashin fanka. Har bayan ƙofa ta leƙa, ko za ta samu abin faɗa.

"Wa ya taya ki?"

"Babanki," in ji Gwaggo. "Da wani mai rabin kai."

Manaja ta miƙa hannu za ta kashe rediyon.

"Bar shi."

"Ke da kullum kike faɗa da Baba a kansa?"

"Na ce ki bar shi."

Da za ta tafi, Gwaggo ta ce sai ta raka ta ƙasa, akwai abin da ba ta gama ba. Ta buɗe akwatin. Kowane makunnin da aka gane mai shi yana da sunansa, ban da na ƙarshe. Ta yanki salatif mai ɗan tsawo ta manna, ta rubuta da manyan harufanta masu jingina da juna: *Ofishin Gwaggo*.

Manaja ta karanta. Ta karɓi biron daga hannun uwarta, ta sunkuya, ta ƙara a ƙasa da ƙananan harufa: *ba a shiga sai da izini*. Ta mayar mata da biron ba tare da ta dube ta ba, ta ce gobe za ta aiko da labulen, tunda dai an riga an saya. Ta shiga mota ita kaɗai.

Gwaggo ta rufe akwatin, ta saƙala biron a bayan kunne, ta tsaya gindin matakala arba'in da huɗu. A sama mai sharhi ya sake ɓarkewa da ihu, wani ya ci.

"To, na ji," ta ce, ta kama ƙarfen bene. "Ina zuwa. A dai rage muryar nan."