Lallen Inna Zalihatu

"Cire ledar nan, Salima. Koko za ki ba ta, ba kashin kaji za ki kwashe ba."

Salima, surukar gidan, ta ƙara ɗaure ledar da ta zura hannunta ciki. "Anti Hidaya, ke an yi miki rigakafi. Ni goyo gare ni."

Hidaya malamar asibiti ce, katanga ɗaya ta raba gidajensu. A katifa Inna Zalihatu ke kwance, idanu rawaya, ciki a kumbure. Tsohuwar ungozoma ce. Rabin unguwar Zariya a tafinta suka faɗo, har da Hidaya, tun zamanin da safar hannu ba ta wadata ba. Cikin jinin haihuwar nan ta kwaso ciwon hanta. Tun da aka sallamo ta, babu fatar da ta taɓa tata. Kofinta daban, butarta daban.

Hidaya ta sa safa, ta zare allurar ƙarin ruwa, ta jefa a kwalinta, ta rufe wurin da filasta.

"Tahira ce?" Inna ta ce, tana kiran yayarta da ta daɗe da rasuwa. "An kwaɓa lallen? Gero ya nuna a garinmu Tsibiri, ga 'yan mata can sun yi gaba."

Hidaya ta tuɓe safar, ta wanke hannu, ta ɗaga shi a hasken taga. Ba yanka, ba ƙwarzane. Ta duba na tsohuwa, haka.

"A jini ciwon yake, Salima, ba a gumi ba. Samo lalle."

Da aka kawo, da yatsunta Hidaya ta riƙa shafa wa Inna, a hankali, har tsakanin yatsu.

"Hannun wa ne wannan mai ɗumi?"

"Kin san shi, Inna. Ke kika fara riƙe shi."

Hidaya ta juya wajen Salima. "Kawo ledar taki a ƙunsa mata, yau ta yi rana."

Salima ta dubi ledar da ke hannunta. Sannan ta kwance ledar, ta durƙusa, ta tallabi wuyan hannun surukarta da hannu tsirara, tana ɗaurewa.

Lallen bai gama kamawa ba Inna ta cika, ana kiran la'asar.

Washegari a asibiti Hidaya ta zura safa za ta ɗebi jinin wani majinyaci. Ta cikin farar robar, kan yatsunta ja wur.