Dashen da Baba Ya Lulluɓe

Tun da Baba ya sayar da dajinmu na itatuwan mapul da ke yankin Beauce ya dawo gidana a cikin gari, zama ya gagare shi. Shekara hamsin yana tatsar itatuwan nan yana dafa maɗi, sai ga masu gine-gine sun share dajin ƙaf. Abin da ya tsira da shi dashe ɗaya ne tak, siriri kamar muciya, wanda ya kafa a bayan gida.

Sanyi na kawo kai ya hana kowa sakat. Ya leƙa taga, ya zauna, ya miƙe, ya sake leƙawa.

"Baba, shayinka ya huce."

"Ke Noémie, kin ji iskar nan kuwa? Yaron nan tsirara yake a waje!"

"Wane yaro? Itace ne fa. Na daji wa ya taɓa sa musu riga?"

"Na daji suna da iyayensu a kansu. Wannan wa gare shi?"

Maganar ta sosa mini rai.

Gaskiyar ita ce, Baba bai taɓa rainon mapul ba. A daji da kansu suke tsirowa, shi dai ya tarar da su manya. Don haka ya yi wa dashen abin da zai yi wa jariri. Ya tula masa busasshiyar ciyawa a gindi, ya naɗe da buhu, ya ƙara da tsohon bargonsa. Dusar ƙanƙara ta sauko ta binne komai. Kullum sai ya fita da shebur, ya zagaya, ya dawo yana mita, ni kuma ina leƙensa ta taga kada santsi ya kwashe shi.

Da ƙanƙara ta fara narkewa, Baba ya nufi wurin dashen, ko takalman kirki bai tsaya sawa ba. Na bi shi da gudu. Yana yaye bargon ɓeraye suka watse. Ashe ɗaki mai ɗumi ya gina musu, ga abinci a tsakiya. Sun gwaguye ɓawon dashen, sun zagaye shi tas, sai farin itace. Mu duka mun san itacen da aka yi wa haka ba ya tashi.

Baba ya durƙusa cikin taɓo. Ruwan maɗin na tsattsafowa daga ciwon dashen. Ya dangwala da yatsa ya kai bakinsa.

"Noémie," ya ce. "Irin namu ne. Zo ki ɗanɗana kafin ya ƙafe."