Ranar da Aka Karanta Wayar Abdulgaffar

Yayana Abdulgaffar mahauci ne, ɗan mahauci. Teburinsa yana bakin hanya a Ridina, cikin Njamena, kuma duk macen da ta san nama a unguwar nan wurinsa take tsayawa. Ni ce ƙanwarsa Sharifa, kuma ban da shi da matarsa Ni'imatu, ni kaɗai na san da wani farin tabo da ya fito masa a ƙasan kafaɗa, wanda ko an tsikare shi da allura ba ya ji. Ni'imatu ce ta ja shi suka haye gada zuwa Kuseri, ɓangaren Kamaru, don a asibitin Njamena ba ka rasa wanda ya san fuskarka. Likita ya ce kuturta ce, amma an tare ta da wuri, magani zai kashe ta, kuma da zarar ya fara sha ba zai shafa wa kowa ba.

To wa zai tsaya jin wannan bayani a gaban teburin nama? Sai muka yi gum. Ni'imatu tana da goggo a Kuseri, takan je da sunan gaisuwa ta karɓo masa ƙwayoyin, ta turo masa saƙo da wayar goggon, da Hausa.

A shekarar 2008, bayan 'yan tawaye sun shigo gari sun fita, hukuma ta zama kowa take zargi. Wata safiya Yaya yana dawowa daga mayanka, 'yan sanda suka tare shi a shinge, suka karɓi wayarsa. Suka ga saƙonni birjik daga lambar ƙetare, cikin harshen da ba su iya karantawa ba. Suka wuce da shi komisariya, wato ofishin 'yan sanda, naman ranar ya lalace a bayan babur.

Mu Hausawan garin nan muna da wata ɗabi'a: in aka kama namu, ba mutum ɗaya ke zuwa ba. Gayya ake yi, manya su sa babbar riga su je su jeru, don hukuma ta ga mutumin yana da jama'a. Kawu Halliru, ƙanen mahaifiyarmu, yana jin labari ya fara bin mahauta gida gida.

Na tare shi a zaure na ce, "Kawu, don girman Allah a bar taron nan. A nemi lauya, mutum ɗaya ya je."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ke kin fi mu sanin yadda ake fito da mutum? So kike a ce ɗan 'yar'uwata ba shi da kowa?"

Ba zan iya gaya masa dalilina ba. Haka na bi bayansu.

Komiser, shugaban ofishin, ya gan su cike da tsakar gida, sai ya yi murmushi. Dama tun safe yake neman wanda ya iya karatun Hausa. Ya ce da Larabci, "Madalla. Wa ya yi karatun boko a cikinku?" Aka turo Rufa'i, wanda teburinsa ke daura da na Yaya.

Aka fito da Yaya ba takalmi. Da ya ga wayar a hannun Rufa'i, ya ce wa komiser, "Ranka ya daɗe, maganar iyalina ce a ciki. A shiga ɗaki a karanta."

"Mara gaskiya ne ke neman ɗaki," in ji komiser. "A nan, da ƙarfi, kowa ya zama shaida."

Rufa'i ya karanta na farko da na biyu, gaisuwa ce da tambayar yara. Sai ya zo kan na uku. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya so ya tsallake, amma ɗan sandan da ke bayansa yana bin layin da yatsa. Sai ya karanta: "Maigida, likita ya ce kuturtar tana ja da baya. Kada ka fasa shan magani." Ya kuma maimaita da Larabci, kamar yadda aka umarce shi.

Na ga dattijon da ke kusa da Yaya ya tattare bakin rigarsa. Komiser ya yi hamma, ya ce babu komai a ciki, a mayar masa da wayarsa ya tafi. Ɗan sandan ma a kan benci ya ajiye ta, bai miƙa masa a hannu ba.

Daga baya na samu wata lauya a unguwar Klemat. Ta ce ba su da hurumin buɗe wayar ba tare da izinin alƙali ba, kuma a wajen shari'a abin da aka karanta ta wannan hanya kamar ba a karanta shi ba ne. Wallahi dariya na yi mata, ta baƙin ciki. Na ce, "Madam, ki zo Ridina ki gaya wa mata haka."

Yaya ya gama maganinsa, ya warke sarai, yatsunsa goma cif. Amma ya rataye cinya tun safe har la'asar, ƙuda kaɗai ke zuwa. Masu saye su tsallaka wurin Rufa'i, su gaishe da Yaya daga nesa, har da tambayar jiki. Wannan tambayar jikin ta fi zagi ciwo.

Babbar Sallah ita ce ranar mahauta, gida gida ake kiransu fiɗa, kuma tun Yaya yana saurayi shi ke feɗe ragon Kawu Halliru. Ran nan ya wasa wuƙaƙensa, ya dawo daga idi ya zauna a ƙofar gida. Har azahar babu wanda ya aiko. Can sai ga matar Kawu da kwano a rufe, kason naman layya, wani ne ya feɗe musu. Ta ajiye a bakin zaure, ba ta shiga ba. Ni'imatu ta ce bari ta juye ta kawo mata kwanon.

"A'a, bar shi," in ji ta, tana ja da baya. "Kawunku ya ce kwanon ma ku riƙe."